Itacen Innarka Ya Bushe

Daga Kiru, zuwa ga ɗana Isa a Ikko.

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya iyali, yaya aiki? Mu nan sai godiya, mun gama yankan gero.

Itacen bakin tekun nan da ka aiko da ƙwayarsa ya bushe, kuma ni na kashe shi. Tun da ka rubuto cewa a gefen ruwan gishiri yake girma, innarka kan barbaɗa masa ɗan gishiri da yatsa biyu kowace Juma'a. In na yi mata dariya sai ta ce, "Malam, baƙo ne, kewar gida yake yi."

Da ta rasu na karɓi aikin, ban san awon ba. Na riƙa zuba masa tafi guda, wai ni mai kyauta. Ganye ya ƙone, reshe ya bi.

Har ranar da ta kwanta ciwo tana tambayata launin furensa, ni kuwa ban sani ba. Kada ka aiko wata ƙwaya. Rubuto mini launin kawai.

Ka sa mu a addu'a, ni da ita. Gai da Rabi da yara.

Mahaifinka.