Ya ce in wuce, ni kuwa na wuce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Na karanta tarihin dauloli da dama a lakwal, wato makarantar boko, kuma na yi imani babu wadda ta rushe da irin saurin da abota ke rushewa idan lissafi ya shigo cikinta. Ni malamin lissafi ne, ya kamata a ce na sani.

Ina da aboki, bari in kira shi Malam Idi, daraktan lakwal ne mai ritaya, ya girme ni. Shekara ashirin muna hawan keke tare duk Lahadi daga Konni. Shi ke gaba yana tare mini iska, dokarsa ɗaya ce, in ka kasa hira kana tuƙi to ka yi sauri da yawa. Bara wani tsohon ɗalibina da ke Faransa ya aiko mini da na'urar da ake ɗaurawa a feda, tana nuna ƙarfin da ƙafa ke zubawa. Na koyi lambar da zan iya riƙewa awa huɗu ban ƙone ba. Malam Idi ya raɗa mata suna sufeto, wai na samu mai duba aikina har a kan kwalta.

Da ƙungiyarmu ta shirya tseren Konni zuwa Badaguishiri, na gaya masa kada ya bi samari a farko. Ya yi dariya, ya bi su. Ni na tsaya kan lambata kamar mai karatun jarabawa. Bayan rabin hanya, a kan wani hawa, na iske shi zaune gindin iccen bedi, keke a kwance. Na rage gudu, ya ɗaga hannu ya ce, “Wuce abinka mushe, ina nan tahe.” Mushe muke kiran malamin lakwal.

Kowa a nan ya san wannan maganar kunya ce. Kai sai ka ƙi, ya sake faɗa, ka sake ƙi, ka sauka. Uwata ta koya mini wannan kafin in san ɗaya da ɗaya. Amma na dubi na'ura, na ga ƙafata ba ta taɓa yin kyau haka ba, na wuce.

A amalanken jaki aka kai shi likita, ta tsakiyar garin da ya yi shekaru yana darakta, tsofaffin ɗalibansa na kallo. An ce hawan jini ne, an hana shi keke har abada. Wato wannan ce tafiyarmu ta ƙarshe, kuma allon na'ura na kalla a cikinta.

Na je dubiya sau uku. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Shimfiɗa yake sa a yi mini irin ta baƙo, ya tambayi iyali, ya yi godiya. Matata ta ce in je in durƙusa in nemi gafara. Ni kuwa ina tsoron in na ambaci ranar, amalanken zan tuna masa, mutum ne da bai taɓa yarda an riƙe masa keke ba.

Shin in buɗe maganar, ko in ci gaba da zuwa ina zama shiru har Allah Ya sanyaya zuciyarsa? Wanda ya taɓa ɓata wa babba rai irin haka ya gaya mini.

Masu tambayar sakamako, na zo na goma sha ɗaya. Mu goma sha biyu muka tashi.