Ƙarar Babur da Ta Makara

Malam Abdulfattah, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara, na rasa inda zan sa kaina. Ban saba kai kukana jarida ba, amma tun da aka yi mini wata waya na kasa zama wuri ɗaya. In tafi tasha in dawo, in zauna a zaure in miƙe, shayi ya huce a gabana. Mai ɗakina har tambaya ta yi ko cinnaka ne ya shige mini wando.

Ni tsohon malamin kimiyya ne a nan Birnin Gwari. Na yi jami'a lokacin da digiri yake digiri. Abokan karatuna wasu suna ƙasashen waje, wasu sun mutu da manyan muƙamai, ni kuwa na ƙare ina zana wa yara batir a allo domin babu batir ɗin da zan nuna musu. Ba don a tausaya mini na faɗa ba. So nake ka san ba jahilci ke damuna ba. Na fahimci abin da ya faru sarai, shi ya sa ya fi ci mini rai.

Cikin duk waɗanda na koyar, ɗaya ce ta riƙe karatun da gaske: Susan, 'yar wani manomi daga ƙauyukan gefen dajin Kamuku. Yanzu tana digiri na uku a kan ƙwaƙwalwa. Bara ta zo har gida, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce tana so ta ga abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar wanda ya tsira daga harin 'yan bindiga idan ya ji ƙarar babur. Mu nan ba sai inji ya gaya mana ba, ɗan goye ma ya san a yi shiru in babura suka taso daga daji. Amma ta ce in likitoci ba su gani a hoto ba, ba za su ɗauke shi ciwo ba. Ta roƙe ni in nemo mata mutane, tunda ana jin maganata.

Na nemo, daga Damari, daga Gwaska, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne Modibbo, dattijon Bafulatani, abokina tun muna samari, wanda aka kore masa shanu aka tafi da ɗansa Yero, har yau babu labari. Da ya ji cikin wani inji mai kama da rami za a tura shi, ya ce shi ba ya shiga rami da ransa. Na bugi ƙirji na rantse masa sau ɗaya ne tak, in aka sake kiransa kada ya ƙara ɗaukata mutum. A gaban jama'a na faɗa.

Muka bi hanyar Kaduna, ka san ta, kowa bakinsa na motsi da addu'a, har wani asibiti a Abuja. Ga yadda aikin yake. A kwantar da kai a tura ka cikin injin, a sa maka abin ji a kunne, a ba ka maɓalli a hannu. Sai a riƙa sako maka sauti, yanzu ruwan sama, yanzu carar zakara, yanzu babur. In ka ji babur ka danna. Injin yana ɗaukar hoton yadda jini ke kai-kawo a ƙwaƙwalwa, kwamfuta kuma tana rubuta lokacin da ta saki kowane sauti, domin daga baya a haɗa kowane hoto da lokacinsa. Ni ma na shiga, kada a ce na tura mutane inda ban je ba. Da aka fito da Modibbo, sai ga hawaye sun gangara har cikin kunnuwansa. Bafulatani, a gaban yaran ma'aikata! Ya ja rawani ya rufe fuska. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Sai ga wayar Susan. Ta ce ta gano lokacin da kwamfuta ta rubuta ba shi ne lokacin da sautin ya shiga kunnenmu ba. Na'urar da ke kai sautin cikin ɗakin injin tana riƙe shi, wajen sakan ɗaya ko fiye, kuma ba ta tabbata ko kullum jinkirin ɗaya ne ba. Wato ana duban ƙwaƙwalwar Modibbo ana cewa ga shi yana jin babur, alhali babur bai iso ba tukuna. Malaminta ya ce mai yiwuwa sai an sake, da mutanen nan dai.

Na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. A ƙasarmu komai makara yake yi. Taki bayan girbi, taimako bayan an dawo daga maƙabarta. Ƙarar babur ce kaɗai ba ta taɓa makara a wurinmu ba, ita ma sai da ta je Abuja ta koyo. Na kashe wayar. Ta yi ta kira, ban ɗauka ba.

In na koma wurin Modibbo na zama maƙaryaci a gaban waɗanda suka ji rantsuwata. In na ƙi, hawayensa sun zuba a banza, karatun yarinyar nan ya rushe, ita kaɗai ce kuwa abin da zan nuna in ce na yi koyarwa. Wani lokaci zuciyata takan ce in gaya mata ta ja bakinta ta rubuta abinta haka nan. Wa ya damu da sakan ɗaya a ƙasar nan? Sai kuma in ji kunyar kaina. Malam, ina zan bi?

Tsohon malami, Birnin Gwari

Amsa

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma, ya kuma bayyana Yero.

Zan fara da abin da zuciya ke raɗa maka: a'a. Wanda ya san mudunsa ya lotsa ya ci gaba da awo da shi, ha'inci ya yi. In ta rubuta sakamako a kan lokacin da ta san ba daidai ba ne, a nan ne hawayen Modibbo za su zuba a banza. Ka kuma lura, babu wanda ya kama Susan. Ita ta gano, ita ta kira. Wani ne ya koya mata wannan hali, ina jin na san shi.

Na kai matsalar wurin wani abokina mai aiki da irin wannan inji. Ya ce jinkirin sauti sanannen abu ne a aikinsu. Kuskuren shi ne rashin auna shi kafin a kwantar da mutum na farko, wannan kuwa na masu binciken ne, ba naka ba. Yanzu kada a gyara na'urar nan tukuna. A kafa makirfo a bakin abin jin, a sake sako sautukan yadda aka yi muku, a maimaita, babu kowa a cikin injin, a gwada lokacin da kwamfuta ta rubuta da lokacin da sautin ya fito. In jinkirin ɗaya ne kullum, magana ta ƙare, a matsar da lokutan a lissafi, hotunanku suna nan lafiya. In yana ɗan bambanta, da sauran dama, domin jinin ƙwaƙwalwa ba ya tashi farat ɗaya, a hankali yake hawa, akwai kuma hanyar lissafi mai barin sarari ga ɗan gaba ko ɗan baya. Ga kuma maɓallin da kuka riƙa dannawa, an rubuta lokacinsa, zai nuna kusan sa'ad da babur ya shiga kunne. Sai in jinkirin ba shi da kan gado za a yi maganar sakewa. Ko a nan ba dole sai ku ba, domin wanda ya riga ya san abin da ke tafe ba ya jin sa kamar sabon shiga.

Don haka ka ɗauki wayar yarinyar nan yau. Ka tambaye ta ko an auna, tambayar malami ga ɗalibarsa. Ka kuma gaya mata ba za ka kira kowa karo na biyu ba, ita da malaminta su tsara aikinsu a kan haka. Tana da haƙƙin ka saurare ta, amma ba ta da haƙƙin ka karya rantsuwa dominta.

Modibbo kuwa, kada ka jira sakamakon awo. Ka taka ka je inda yake, ba da roƙo ba, ka faɗa masa abin da ya faru kafin ya tsinta a kasuwa, ka ce maganarka tana nan. Ba na jin shirun da ke tsakaninku fushi ne. Mutum ne da ka ga hawayensa, shi bai ga naka ba. Na lura ka ba ni labarin yadda ya fito daga injin nan, ba ka ce komai a kan yadda kai ka fito ba, ga shi kuma kai ne ka kasa zama wuri ɗaya. Wannan labarin ba nawa ba ne, Baba. Ka kai wa abokinka. Ya makara, amma irin jinkirin da ake iya gyarawa ne.

Allah ya ba Susan nasara, ya zaunar da Birnin Gwari lafiya, ya sa ka sha shayinka da zafinsa.

Abdulfattah