Kwamfuta Mai Haruffan Larabci

Yaya Ikhlas,

Gaisuwa daga Alƙahira. Yaya ƙafar Mama? Ki ce mata ina cin abinci, wata rana har sau biyu.

Wayata ta mutu, na je sayen ƙaramar kwamfutar cinya. Biyu ne daidai aljihuna. Ɗaya batirinta na daɗewa amma ba haruffan Larabci, ɗayar tana da su amma sai a jikin wuta, kamar majinyaciya.

Mai shagon ya ce, "Madam, ɗauki mai batirin, ai ba littafi za ki rubuta ba."

Majinyaciyar na ɗauka. Kullum sunan ƙaninmu Muntasir nake bugawa da Larabci a shafukan cigiyar waɗanda suka ɓace a Khartum. Digirina ya yi rana, ban taɓa kuskure harafi ba. Har yau ba a gan shi ba.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarki,
Tamadur