Su Sauko

Talata, 4 ga Maris

Yau na rufe shagon ɗinki na je zaman majalisar ƙaramar hukuma, karo na farko a rayuwata. Saboda 'yata Auta. Zango mai zuwa ajinsu zai koma saman bene, ita kuwa tun da shan inna ya taɓa ta sai keken guragu. A da ni nake goya ta duk ranar da darasi ya kai su sama. Yanzu likita ya ce bayana ya gama aiki. Akwai ɗaki a ƙasa cike da karyayyun kujeru, amma hedimasta ya ce na ƙaramar hukuma ne, sai da izinin majalisa. In ba su ba da shi ba, karatun Auta ya ƙare.

Shi ma zauren majalisar a sama yake. Na hau ina dafe da ƙugu. Suka yi ta magana kan kwata da rumfunan kasuwa, da aka zo kan jama'a sai aka ce lokaci ya ƙure.

Talata, 18 ga Maris

An ba ni dama. Ni da nake cacar baki da masu kawo ɗinki tun safe har yamma, yau da ƙyar aka ji muryata. Na ce ranka ya daɗe, ɗaki kawai muke roƙo. Shugaba ya ce an ji, za a duba. Wani kansila mai tabarau ya ce wai ba za ta iya karatun a gida ba? Wallahi sai da na ji jinina ya hau. Na haɗiye.

Alhamis, 20 ga Maris

Na ɓata wuyan rigar mutane. Hankalina ba ya jikina.

Talata, 1 ga Afrilu

An miƙa wa kwamiti maganar. Kwamiti kuma ya ce bai ga yarinyar ba. Kansilan unguwarmu ya ja ni gefe: "Tela, gani ya kori ji. Ka goyo ta ka shigo da ita a gabansu, kowa zuciyarsa za ta karye." Na ce to. In bayan ya tsinke, ya tsinke.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na gaya wa Auta shawarar kansilanmu. Ta ce, "Baba, zan je, amma ba za ka ɗauke ni ba. Ni ba abin nuni ba ce." Na yi faɗa, na ce don wa nake wannan wahalar? Sai ta ce duk ranar da na goya ta a gaban 'yan ajinsu, rufe ido take yi har mu kai. Ban taɓa sani ba. Ta ina zan sani, tana bayana?

Mamanta ta ce in bar ta. Maganar Auta ta yi mini zafi ƙwarai.

Talata, 15 ga Afrilu

Mun je. Ta tsayar da kekenta a gindin matakala ta ja birki. Masinja ya leƙo ya ce ana kiranmu. Ta ce, "Ka ce musu na zo, ga ni. Su sauko."

Na ce shi ke nan, yarinyar nan ta kashe mu. Na durƙusa na juya mata baya, na ce Auta don Allah hau. Ko motsi ba ta yi ba. Mutane na wucewa suna kallona a durƙushe, na tashi da kunya.

Muka yi ta jira. Har na fara tunanin abin da zan gaya wa mamanta, sai ga wata dattijuwar kansila tana saukowa, riƙe da jakarta. Sai kansilanmu. Sai sauran ɗaya bayan ɗaya, Shugaba a ƙarshe yana lallaɓa gwiwa. Suka tsaya cirko-cirko, babu wurin zama, ita kaɗai ce a zaune.

Ta gaishe su da ladabi. Ban riƙe duka ba, kunnena na ta ƙara. Na dai ji ta ce ba ta roƙi a gina mata komai ba, mabuɗi kawai. Ta ce, "Kujerun da suka karye sun sami ɗaki a ƙasa, ni ban samu ba." Mai tabarau ya cire tabaransa yana ta gogewa.

Ni kuwa ina tsaye a gefe. Babu ma wanda ya tambaye ni.

Talata, 29 ga Afrilu

Sun amince. Alhamdulillahi. Mai tabarau bai ɗaga hannu ba, ruwansa.

Litinin, 5 ga Mayu

An koma makaranta. Na raka ta, ba don komai ba, hanyata ce. A bakin ƙofa na kai hannu zan tura keken, ta ce, "Baba, za ka makara a shago." Ta murza ƙafafun keken da kanta ta shige cikin ƙawayenta, ko waiwaye babu.

Bayana lafiya lau yau. Ba wai ina kewar ɗaukarta ba ne, Allah ya sani. Na dai daɗe a bakin ƙofar, na rasa inda zan sa hannuwana.