Man Ja a Sitiyarin Muntari

Durba, Kibiya

Yaya Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Aunty Saudat da yara. Yaya ƙafar, ɗorin ya kama? Allah ya ƙara sauƙi.

Tani mai nono ce za ta kawo maka wannan takarda, don wayata ta mutu, kuma ka san Muntari ba zai ba ni tasa in kira ka ba. Tun bara da kuka yi cacar baki a garejinka, ko sunanka aka ambata a gidan nan sai ya tashi ya bar tuwonsa.

Yaya, babbar motarsa ce ta hana ni sukuni. In ya murza sitiyari sai ta riƙa wani kuka, shi kuma ya dage da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta fito. Inda take kwana a ƙofar gida kullum akwai ɗigon mai a ƙasa. Na yi magana, ya ce ina ruwan mace da ƙarfe. Ga shi ranar kasuwar nan mai zuwa zai kwashi albasa zuwa Rano, kuma mata da yawa za su hau saman buhunan, har da Inna mahaifiyarsa. Wallahi tsoro nake ji. Ka gaya mini abin yi.

Ƙanwarka, Asma'u

Rano

Ma'u,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, amma har yanzu ba na taka ta.

Mijinki dai ba ya canzawa. Shi ne ya tsaya gaban mutane ya ce hannuna ba zai ƙara taɓa motarsa ba, to ga shi nan. Amma ba zan bar Innarsa ta hau mota a haka ba.

Kukan da kike ji famfon sitiyari ne yake jan iska, saboda mai ya yi ƙasa. Ɗigon kuma tiyo ne ya tsage, ko bakinsa ya saki. Ki lallaɓa shi ya ɗaure tiyon, ya duba belit ko ya yi sako-sako. Sannan ya buɗe ƙaramar robar nan da ke bayan kan motar, in ya ga kumfa to iska ta shiga. A cika ta da man ja zuwa layi. Ban ce baƙin mai na inji ba, ban ce man birki ba. Man ja kawai. Kada ki ce daga wurina kika ji.

Ki gaida Inna.

Yayanki, Ƙasimu

Durba

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta.

Tiyon, Muntari ya ɗaure shi da kansa, ban ma yi magana ba. Zancen mai kuwa da na ɗauko, sai ya zuba mini ido ya ce, “Ke wa ya koya miki kanikanci?” Sai na bar zancen. Don haka jiya da yamma, da ya tafi masallaci, na buɗe robar da kaina, ai kullum ina ganin inda yake leƙawa. Ta kusa ƙafewa. Na cika ta har layi kamar yadda ka ce. Kuma ban zuba na banza ba, manjan da Aunty Saudat ta aiko mini ne, wanda nake ta tattalinsa don miyar salla. Sai da na ɗan ɗumama shi saboda ya yi barci a kwalba.

Yau ce kasuwar. An gama lodi, da hantsi za su tashi in matan sun taru. Na gode, Yaya. Allah ya bar zumunci.

Asma'u

Rano

Ma'u,

Innalillahi! Ba manjan miya nake nufi ba! Man sitiyari ne, na galan, launinsa ja, shi ya sa mu a gareji muke ce masa haka. Ke da kanki kin ce ya yi barci a kwalba. To haka ya kwana ya daskare a cikin tiyo. Zai toshe hanya, famfo ya bushe, sitiyari ya ƙage masa. Da lodin albasa da mutane a sama, in ya zo gangaren nan mai kwana kafin a shigo Rano, babu ƙarfin hannun da zai juya motar nan.

Na kira mijinki har na gaji, yana ganin lambata yake kashewa. Na kira direbobin da na sani, duk suna hanya. Ga Hammadu mai acaɓa na turo, na ce ya taka. In ba su tashi ba ki zare makulli. In sun tashi ki hau bayansa ki bi su. Ki faɗa wa Muntari gaskiya, ki ce ni na rubuta, ya zage ni. Kada ki tsaya neman mayafi mai kyau.

Ƙasimu

Bakin hanyar Rano

Yaya Ƙasimu,

Salamu alaikum. Muntari ne.

Takardarka ta iske mun riga mun tashi. Tun fitowa sitiyarin yake gardama, na ce in inji ya yi zafi zai saki. Muna gab da gangaren sai ga acaɓa ta wuce ni, ƙanwarka ta dira tsakiyar titi babu takalmi, ta buɗe hannuwa. Na taka birki. Na so in kauce mata, sitiyarin ya ƙi motsi. Motar ta tsaya, gaban motar har yana taɓa hijabin Asma'u.

Kowa ya sauka lafiya, har Inna. Na buɗe robar na shinshina, na ji manjan miya ne. Ban yi wa Asma'u faɗa ba.

Za a wanke hanyar man gaba ɗaya, kuma ina jin famfon ya tafi. Na turo mota ta ɗauko ka, ko daga zaune ne ka nuna mini. Makullin yana hannun Asma'u, ta ɗaure shi a bakin zane, ta ce kai kaɗai za ta ba.

Ka taho da man, na galan.

Surukinka, Muntari