Numfashin Baba

Daren Talata, Daura

Na kasa barci, gara in rubuta. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bai ƙara yi mana magana ba, sai dai kallo. Yau da la'asar na shimfiɗa masa tabarma a gindin dalbejiya, na kunna masa kiɗan da Yaya Sani ya turo mini a waya. Wai sonata ake ce masa, kilarinet da fiyano ne kawai. Kilarinet ɗin nan ita Baba ya busa duk zamansa a badujalar 'yan sanda. Inna ba ta taɓa son ta ba, har yau algaitar Turawa take kiran ta.

Ba a jima ba ya fara jan numfashi da ƙarfi, ya riƙe, ya saki a hankali. Inna ta yar da rariya ta taho a guje. "Ke Hajara, kashe abin nan, ciwon ne ya tashi!" Na kai hannu kan wayar, sai ya damƙe ni da hannunsa mai lafiya.

A nan na lura. Duk inda mai busar ya dakata ya bar wa fiyano, nan Baba ke jan iska. Ashe busa yake yi. Yatsunsa suna ta motsi a kan hannuna.

Da kiɗan ya ƙare ya yi ta kokawa da harshensa, can ya ce, "Sake."

Inna ta juya baya tana goge ido da gefen zane. Ta ce, "To, ba ki ji mahaifinki ba ne?"