Lasisin Farautar Barewa

Jihar Montana, Amurka, watan Oktoba

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya gwiwar? Kana shan maganin, ko yana can a mota yana shan rana? Ka shafa mini kan karenmu.

Baba, don Allah ka daina tambayata yaushe zan dawo jiharmu ta Wisconsin. Na faɗa har bakina ya gaji: sai jami'a ta yarda ni 'yar jihar nan ce za ta rage mini kuɗin makaranta, in ba haka ba ninki uku ne, kuma ka san ba mu da shi. Shekara guda cur suke so mutum ya zauna yana ci da guminsa. Na canza lasisin tuƙi da lambar mota, na yi rajistar zaɓe, kullum ina tsaye a gidan abincin da nake aiki ina zuba wa direbobin tirela kofi. Saura ƙiris. Kada ka aiko mini ko sisi, kada ka sa sunana a takardar harajinka. Farautar bana ka yi ba tare da ni ba.

'Yarka,
Lorna

Montana, watan Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka, ina kuma fatan gwiwar da sauƙi, ko da yake haushinka nake ji.

Katin ranar haihuwata da ka aiko ya iso. A gurguje na buɗe, na cusa 'yar takardar da ke ciki a jaka ban duba ba. Jiya na je ofishin tantancewa na jami'a. Misis Tveit, matar da ke duba takardunmu, har ta ɗaga hatimi, sai ta nemi lasisin tuƙina. Garin zarowa takardarka ta faɗo gabanta. Lasisin farautar barewa na Wisconsin, na bana, da sunana ɓaro-ɓaro, irin wanda sai ɗan jiha ake sayar wa!

Ta karanta, ta ajiye hatimin. Ta ce, "'Yata, ba a zama ɗan gida a jiha biyu. Sai ki sake ƙirga shekararki daga farko."

Na rantse mata ban taka Wisconsin ba tun zuwana. Ta ce ta yarda da ni, amma takarda ba ta san wannan ba. A mota na yi kukana.

Duk abin da na hana ka, ka kiyaye, sai wanda bai zo mini a rai ba. Tun rasuwar Mama lasisi biyu kake saya, naka da nawa. Na san ba mugunta ba ce. Ka kasa tsayawa gaban mai shagon lasisin ka ce a ba ka ɗaya kawai.

Sai in sake shekara ina zuba kofi. Amma tunda Montana ta ce ni 'yar gidanka ce, ka goge bindigar Mama, ina tafe ranar Juma'a. Kada ka yi mini magana a hanyar daji, ban huce ba.

'Yarka,
Lorna